Daga ina kalmar "hukuma" ta fito, kuma me ya raba ta da "gwamnati"?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara sanarwa daga Turanci zuwa Hausa, kuma kullum kalmar 'hukuma' tana ba ni wahala. Abokin aikina ya ce aro ce daga Larabci, ma'anarta gwamnati, don haka duk inda na sa ɗaya zan iya sa ɗayar. To in haka ne, me ya sa muke cewa gwamnatin tarayya da gwamnatin jiha, amma in aka gangaro ƙasa sai mu ce ƙaramar hukuma? Mene ne asalin kalmar, kuma a ina ya dace a sa ta?" Daga wani mai karatu a Gusau.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka tambaya a dunƙule: inda kalmar ta fito, dalilin da ya sa mataki na uku na mulki ya sha bamban da na sama da shi wajen suna, da kuma yadda mai fassara zai zaɓa. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma Balaraben yau in ya faɗe ta gwamnati yake nufi. Inda ya kauce shi ne zaton kalma in ta yi ƙaura tana tafiya da ma'anarta a ɗaure kamar ƙunshin goro. Gwada da kunnenka. "Hukumar makaranta ta kori ɗalibai uku" magana ce lafiyayya, amma ba mai cewa "gwamnatin makaranta". "Sojoji sun kifar da gwamnatin Shagari a ƙarshen 1983" daidai ne, amma "hukumar Shagari" kunne ba ya karɓa. Tun daga nan ka san kalmomin biyu ba tagwaye ba ne.

Saiwar kalmar

Larabci yana gina yawancin kalmominsa a kan baƙaƙe uku. Na wannan kalma su ne waɗanda ɗan makarantar allo ke kira ha ƙarami, kaf lasan da mim. Daga cikinsu aka sami hukm, wato yanke magana. Hakam, mai raba gardama. Haakim, mai yanke magana a kan mutane. Hikma, sanin ya-kamata. Mahkama, ɗakin shari'a. Sai kuma hukuuma, wadda muke magana a kanta. Masanan lugga na Larabawa sun mai da dukkan waɗannan ga ma'ana guda, wato hani ko tsarewa. Hujjar da suka fi kawowa ita ce hakama, sashen linzami da ke kewaye da muƙamuƙin doki ya hana shi gudu yadda ya ga dama. Mai hukunci yana hana zalunci, hikima tana hana wauta. Wannan ba baƙon tunani ba ne gare mu, tunda mu ma cewa muke yi wane ya karɓi ragamar mulki, wane ne ke jan ragamar ƙungiya. Kalmar siyasa ma daga barga ta fito: a Larabci saa'is shi ne mai kula da doki yana horar da shi. Su kuwa Turawa jirgin ruwa suka duba. Kalmarsu ta government, wadda bakinmu ya mayar gwamnati, ta gangaro ne ta Faransanci da Latin daga kalmar Girka mai nufin tuƙa jirgi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a tsohon Larabci hukuuma ba gwamnati ba ce. Ma'anarta yin hukunci tsakanin masu jayayya. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, daidai da 657, aka wakilta Abu Musa al-Ash'ari da Amru ɗan Asi su raba gardama tsakanin Sayyidina Ali da Mu'awiya, Allah ya ƙara musu yarda. Littattafan tarihi suna kiran wannan zama tahkim, suna kuma kiransa hukuuma. A Suratun Nisa'i aya ta 35, inda aka yi umarnin a tashi mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, don sasanta ma'aurata, hakam aka kira kowannensu.

Wurin da malaman ƙasar Hausa suka fi cin karo da kalmar tun da can shi ne babin raunuka a fiƙihun Malikiyya. Shari'a ta ƙayyade diyyar wasu gaɓoɓi da wasu raunuka: ido ɗaya rabin diyya, yatsa ɗaya kashi ɗaya cikin goma, haƙori raƙuma biyar. Amma akwai raunin da ba a yanka masa adadi ba. A nan Mukhtasar na Khalil, littafin da alƙalanmu suka dogara da shi ɗaruruwan shekaru, ya ce a yi hukuuma. Yadda ake yi shi ne a jira rauni ya warke tukuna. Sannan masana su ƙaddara, a ƙiyasi kawai, da wannan mutum bawa ne nawa zai yi daraja lafiya lau, nawa kuma zai yi da wannan tabo. In suka ce 100 da lafiya, 95 da tabo, naƙasar ta zama biyar cikin ɗari. Sai a ɗauki biyar cikin ɗari na cikakkiyar diyya. Tunda cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce ga masu biya da zinariya, wanda ya yi raunin zai biya dinari 50. Wannan ƙiyasin shi ake kira hukuuma. Ka ga babu minista a ciki, babu fadar shugaban ƙasa. Akwai dai masu ikon duba lamari su yanke abin da zai hau kan wani dole.

Ma'anar gwamnati ta zo ne daga baya. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya kalmar ta riƙa faɗaɗa daga aikin alƙali zuwa aikin mai riƙe da yanki, har a ƙarni na 19, lokacin da ake fassara tsare-tsaren mulkin Turai, ta zauna a matsayin sunan gwamnati. Shi ya sa yau za ka ji hukumet a Turkanci, hukumat a Farisanci da Urdu, hakuma a Larabcin Sudan da na Chadi. Bahaushen da ya tashi a Sudan in ya ji kalmar, gwamnati ce za ta fara zuwar masa a rai, kuma bai yi kuskure ba a inda yake. Wasu harsunan kuma suka tsaya a tsohuwar ma'anar. A Swahili hukumu hukuncin kotu ne, gwamnati kuwa serikali suke cewa. A Indonesiya hukum doka ce, hakim alƙali.

Yadda ta zauna a bakin Bahaushe

Kalmomin Larabci ba rana ɗaya suka shigo Hausa ba. Akwai tsofaffi da suka shigo ta bakin fatake da maƙwabta, suka zo da "al" ɗinsu a manne: albasa, alkama, alƙalami, alƙali. Wasu ma sun sauya har sai an duba da kyau, kamar yadda harafin Larabci da ake kira lodi ya koma "l" a alƙali, alwala, farilla da larura. Akwai kuma na zaure, waɗanda malamai suka ɗauko kai tsaye daga littafi, ba "al", kuma siffarsu ba ta yi nisa da asali ba: daula, siyasa, majalisa, hukuma. Siffar kalma tana nuna maka ƙofar da ta shigo, amma ba ta ba ka shekara. Duk wanda ya ce maka a shekara kaza aka fara cewa hukuma a Kano ko Katsina, nemi ya nuna maka takardar.

Abin da rubuce-rubuce suka nuna shi ne, masu rubutu kan mulki a ƙasar nan da wasu kalmomi suka fi aiki. Al-Maghili, da ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) nasiha a rubuce, muluuk ya kira sarakuna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi, inda ya kwatanta tsarin mulkin Musulunci da na sarakunan da ya tarar, kalmar wilaya, wato shugabanci, ya sa a sunan littafin. Ƙanensa Abdullahi kuwa, a littafin da ya rubuta wa mutanen Kano wajajen 1806, Diya'ul Hukkam ya raɗa masa, wato hasken masu hukunci. Hukkam jam'in haakim ne, kuma haakim shi ne hakimi namu.

Da saiwar ta kama ƙasa sai ta yi rassa na Hausa zalla. Aka ɗauki hukum aka liƙa masa "ta" ya zama aikatau, hukunta, "m" ta koma "n" saboda harafin da ke gabanta, kamar yadda Musulmi ya ba da musulunta da Musulunci. Daga nan hukunci, jam'i hukunce-hukunce, da mahukunta, masu yanke hukunci. Ita kanta hukuma mace ce, shi ya sa ake cewa hukumar zaɓe ta sanar, ba hukuman zaɓe ya sanar ba. Jam'inta hukumomi, bisa awon taga da tagogi, tasha da tashoshi. Sai "a hukumance", bisa awon a Hausance da a taƙaice. Balarabe ba zai gane ko ɗaya daga waɗannan ba. Saboda haka in wani ya ce kalmar ba Hausa ba ce, amsar ita ce kalmar da ta haifi 'ya'ya biyar ko shida a gida ta wuce baƙunta.

Wajen rubutu akwai kuskure guda da ke yawan fitowa. Wasu suna rubuta "huƙuma" ko "huƙunci" da ƙa mai lanƙwasa, suna zaton duk kalmar Larabci haka take. A'a. Kaf lasan "k" yake bayarwa. Ƙaf wau ne ke ba da "ƙ", kamar a haƙƙi, haƙiƙa da muƙami. Haƙƙi da hukunci sun yi kama a kunne, suna kuma haɗuwa a kotu, amma saiwarsu daban.

Ka lura kuma da yadda hukunci ya tsuke a bakin jama'a. Malamin fiƙihu yana cewa hukuncin abu kaza halal ne, malamin tajwidi yana karantar da hukuncin nun mai ɗauri, tsoho yana cewa haka Allah ya hukunta. Duk waɗannan tsohuwar ma'ana ce, yanke magana. Amma a titi in ka ce an hukunta wane, horo kawai ake fahimta. Wannan yana jawo matsala a labaran kotu. Mai fassara ya rubuta "kotu ta yanke masa hukunci" alhali sallamarsa aka yi, mai sauraro kuwa ya riga ya kai mutumin kurkuku. In an wanke mutum, ka ce an wanke shi. In ranar yanke shari'a ce aka sa, ka ce kotu za ta yanke hukunci a kan ƙarar, kada ka ce za ta yanke masa.

Me ya sa ƙaramar hukuma

Amsar wannan tana cikin zamanin Turawa. Bayan sun ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris na shekarar, ba su rushe sarauta ba, sai suka yi mulki ta hannunta. Aka wayi gari da iko hawa biyu a gari ɗaya. Akwai na Bature: Gwamna, Razdan mai kula da lardi, da Di'o da ke ƙarƙashinsa. Wannan shi ne Gwamnati, da sunan da abin duka baƙi ne. Akwai kuma na sarki da majalisarsa, wanda dokar 1916 ta tsara, Bahaushe ya taƙaita sunansa na Turanci, Native Authority, ya ce En'e. En'e tana da baitulmalinta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da 'yan doka, da makarantu. Talaka ya san bambancin sarai. Ɗan doka na En'e ne, ɗan sanda na Gwamnati. Wane ma'aikacin En'e ne, wane ma'aikacin Gwamnati. Kuma wadda ke karɓar haraji da jangali, ta kama mai laifi, ta yanke masa hukunci a gaban alƙali, En'e ce. Ita ta dace da sunan hukuma a tsohuwar ma'anarsa, shi ya sa ake cewa hukumar En'e ko hukumar gargajiya.

A wannan zamanin ne ma hakimi ya sami ma'anar da muka sani yau. Kafin Turawa, manyan masu sarauta a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke hannunsu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo musu haraji. Turawa suka haɗa garuruwa maƙwabta suka yi gundumomi, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a gundumarsa. Daga nan tsanin ya daidaita: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa.

Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, gwamnatocin soja suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo tsari iri ɗaya a duk Najeriya, aka maye gurbin En'e da majalisun da ba sarki ke shugabanta ba. Yau guda 774 ne, ciki har da shida na Abuja, Kano kaɗai tana da 44. A Turanci kalmar gwamnati ce a jikin sunansu. A ganina dalilin da ya sa Hausa ba ta bi ba shi ne sabon abin ya gaji gidan En'e, da ma'aikatanta, da kasuwanninta, a wurare da yawa har da ginin ofishinta. Wurin da aka saba kira hukuma sai ya ci gaba da amsa sunan, aka ƙara masa "ƙarama" don a nuna akwai na sama da shi. Wannan fahimta ce da na gina a kan yadda abubuwa suka biyo juna, ba wai wani kwamiti ne ya bar mana takardar dalilinsa ba. Ko ma mene ne, sunan ya zauna, kuma "ƙaramar gwamnati" yanzu sai dai a yi wasa da ita.

Maƙwabtanta

Ba a gane iyakar gona sai an san gonakin da ke kewaye da ita. Mulki ma Larabci ne, daga saiwar da ta ba mu mallaka. Aiki ne ko yanayi, ba ƙungiyar mutane ba: mulkin soja, mulkin farar hula, mulkin mallaka, juyin mulki. Ana hawa mulki, ana sauka, amma mulki ba ya fitar da sanarwa. Daula daga saiwar juyawa take, yau gare ka gobe ga wani, kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 140 cewa kwanaki ana jujjuya su tsakanin mutane. A Hausa tana nufin babbar ƙasa ta tarihi, kamar Daular Borno, tana kuma nufin jin daɗi, wane yana cikin daula. Iko shi ne ƙarfin aikatawa ko halaccinsa, shi ya sa ake cewa kotu ba ta da ikon sauraron ƙara, ko ba ta da hurumi.

Muƙami shi ne gurbin da mutum ɗaya ke riƙewa. Asalinsa maƙaam, wurin tsayuwa, daga ƙaama, ya tsaya. Abin sha'awa, Hausa tana da kalmarta da aka ƙera da irin wannan ƙira daidai: tsaya, matsayi. Sai dai aiki ya raba su. Matsayi ya haɗa da daraja da ra'ayi, muƙami kuwa sai wanda aka ba mutum, ana kuma iya karɓewa.

Sarauta ita ce 'yar gida, dangin sarki, sarauniya, basarake da masarauta. Akan ji masu danganta sarki da wata kalmar tsohuwar Iraƙi ko ta Ibrananci mai kama da ita. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne. Sai an nuna hanyar da kalma ta bi da kuma wasu kalmomin da suka yi irin wannan sauyi. Sarautun kansu ma ba daga wuri ɗaya suke ba: Galadima, Ciroma da Yarima daga Barebari, Waziri daga Larabci, Madawaki da Magaji na gida. Kuma ko da ikon yanke hukunci ya bar fada, harshen fada bai bar ofis ba. Har gobe cewa muke an naɗa wane minista, alhali ba wanda ya naɗa masa rawani, an tuɓe wane, alhali ba rigar da aka cire masa. A zangon Kumasi ko Accra akwai Sarkin Zango, sarauta ce cikakkiya mai daraja, amma ba ita ce hukumar da ke ba da takardar fili ko lasin ba.

Yadda za ka zaɓa wajen fassara

Ga ma'aunin da nake bi in ana gyaran fassara. Tambaya ta farko: abin nan yana tafiya in an yi zaɓe ko juyin mulki? In yana tafiya, kuma ana iya jingina shi ga sunan shugaba ko jam'iyya, gwamnati ce. Ta biyu: ƙungiya ce da doka ko wata ƙa'ida ta kafa, aka ba ta fage guda, take yanke abin da zai hau kan mutane a wannan fage? Wannan hukuma ce, ko ta gwamnati ce ko ba tata ba. Shi ya sa hukumar asibiti mai zaman kansa da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, duk suka cancanci sunan. Ta uku: minista ko kwamishina ke shugabantarta? To ma'aikata ce. Masu ɗamara ne da ke tafiya bisa umarnin kwamanda? Runduna. Zama ake yi a yi muhawara a kaɗa ƙuri'a? Majalisa. An kafa shi don aiki ɗaya ya miƙa rahoto ya watse? Kwamiti.

Wahalar da kake sha tana da dalili. Harafin C a INEC, da A na ƙarshen NDLEA, da B na JAMB, da O na WHO, kowanne kalma ce daban a Turanci, amma dukkansu hukuma muke cewa. Wannan ba talaucin harshe ba ne, domin Hausa tana ɗora bambancin a kan abin da ke bin kalmar: hukumar zaɓe, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, hukumar lafiya ta duniya. Nauyin da ke kanka shi ne kada ka yanke wannan jela. A ambaton farko kawo cikakken suna da gajeren sunan da aka san ta da shi, daga baya ka ce "hukumar". In hukumomi biyu ne a labari ɗaya, kada ka bar "hukumar ta ce" tsirara, maimaita sunan ko da ya yi nauyi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne 'yan sanda. Akwai rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda Sufeto Janar ke jagoranta, ita ke kama mai laifi. Akwai kuma hukumar kula da ayyukan 'yan sanda, wadda ke ɗaukar su aiki, ta ƙara musu girma, ta ladabtar da su. Mai fassara in ya rubuta "hukumar 'yan sanda ta kori jami'ai goma", mai karatu ba zai san wacece a cikin biyun ba, kuma sau da yawa labarin kansa a kan saɓanin da ke tsakaninsu yake. Haka alhazai: akwai hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, akwai hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi. Galibi maniyyaci a ta jiha yake biyan kuɗin kujera, don haka in sanarwa ta ce "a je ofishin hukumar alhazai" ba tare da an fayyace ba, an bar shi a tsakiyar hanya.

Sai jam'in nan, "hukumomi" da "mahukunta". Gidajen rediyo sun saba da "hukumomi a Nijar sun ce", musamman tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, domin kalmar tana ba su damar ambaton masu riƙe da iko ba tare da sun yanke hukunci kan halaccinsu ba. Tana da amfani a irin wannan wuri. Amma a sanarwa mayafi ce. "Hukumomi sun hana hawa babur da dare" bai gaya wa ɗan acaɓa ko gwamna ne ya sa hannu a doka, ko kwamishinan 'yan sanda ne ya ba da umarni, ko shugaban ƙaramar hukuma ne ba, kuma wurin da zai kai kuka ya danganta da wannan. In takardar Turancin ta ambaci wanda ya yi, ambace shi.

Ita ma "ƙaramar hukuma" fuska biyu gare ta. Tana nufin yanki, kamar a "an yi ambaliya a ƙaramar hukumar Ringim", tana kuma nufin masu gudanar da yankin, kamar a "ƙaramar hukumar Ringim ta raba kayan agaji". Galibi jimla tana warware kanta. Inda ba ta warware ba, ƙara kalma ɗaya: yankin ƙaramar hukumar, ko majalisar ƙaramar hukumar. Don Allah kuma a kula da jam'i, ƙananan hukumomi ne, ba ƙaramar hukumomi ba. Wanda aka zaɓa shugaban ƙaramar hukuma ne, ko ciyaman a bakin jama'a. Wanda gwamna ya ɗora na riƙo kuwa kantoma ne, kalmar da ita ma ta rage mana daga sunan wani jami'in Turawa mai kula da bariki. In ka kira kantoma zaɓaɓɓen shugaba ka canja labari. In kuma sanarwar za ta tsallaka iyaka, ka tuna a Maraɗi da Damagaram magajin gari suke ce wa shugaban wannan mataki, alhali a Sakkwato Magajin Gari sarauta ce ta fada.

Akwai wuri guda da abokin aikinka zai yi nasara. In Bahaushe ya ce "ba a ja da hukuma", ko "a bar wa hukuma ta yi aikinta", ko "an miƙa shi hannun hukuma", ba wata hukuma guda yake nufi ba. Yana nufin duk wani mai ikon kamawa da yanke hukunci, daga ɗan sandan kan hanya har alƙali. A nan kalmar ta kusanci gwamnati, amma ko a nan in ka musanya su za ka ji ɗanɗano ya sauya. "An miƙa ɓarawon hannun gwamnati" sai ka ce fadar gwamna aka kai shi. "An miƙa shi hannun hukuma" kowa ya san caji ofis ne, daga nan sai kotu.